Tsoron Girma: Nazari a Kan Holden Caulfield da Labaran Tasowar Matasa

A adabin Turai akwai wani rukunin ƙagaggun labarai da ke bin yaro tun yana ɗanye har ya zama cikakken mutum. Jamusawa ne suka raɗa masa suna Bildungsroman, masana kuma kan ɗauki littafin Goethe a kan matashi Wilhelm Meister, wanda ya fito tsakanin 1795 da 1796, a matsayin tushensa. A Ingila Charlotte Brontë ta fitar da Jane Eyre a 1847, Charles Dickens ya kammala David Copperfield a 1850. Ƙashin bayan waɗannan labarai kusan ɗaya ne. Yaro zai bar gida, ya sha wuya, ya tafka kurakurai, ya gamu da macuta da masu taimako, daga ƙarshe ya kama sana'a, ya yi aure, jama'a ta ba shi wurin zama. Ciniki ne ake ƙullawa: matashi ya sauke wani abu daga taurin kansa, al'umma ta biya shi da matsayi.

Akwai wata ƙa'ida ta biyu da ba a cika lura da ita ba, wato wanda ke ba da labarin. David na Dickens ya riga ya zama marubuci mai suna kafin ya waiwayi ƙuruciyarsa. Jane tana magana ne bayan shekara goma da aurenta. Mai karatun Hausa ya san wannan tsari daga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda babban malami ke zayyana wa almajiransa yadda aka sace shi yana yaro da abin da ya biyo baya. Duk tsananin wahalar da za a ji, muryar dattijon da ke magana ita kanta shaida ce cewa yaron ya tsira.

Wannan tabbaci ne J. D. Salinger ya ƙwace wa mai karatu a The Catcher in the Rye, wanda kamfanin Little, Brown ya buga a Amurka a watan Yulin 1951. Tun a jimlar farko mai ba da labarin, Holden Caulfield, ya ambaci David Copperfield don ya nuna ba zai bi sawunsa ba. Shekararsa 17, abin da yake faɗa kuwa ya faru ne yana 16, a Disambar da ta wuce. Daga wani wurin jinya a Kalifoniya yake magana. Watanni ne kawai tsakanin mai labari da abin da ya same shi, saboda haka babu wani dattijo a gaba da zai ce mana komai ya wuce.

Labarin kansa gajere ne. An kori Holden daga Pencey, makarantar kwana ta 'ya'yan masu hali a jihar Pennsylvania, bayan ya faɗi darussa huɗu cikin biyar, kuma ba ita ce makarantar farko da ya bari ba. Maimakon ya jira hutun Kirsimeti, sai ya sulale zuwa New York cikin dare, ya yi 'yan kwanaki yana gararamba tsakanin otal da mashaya da wurin shaƙatawa na Central Park, yana gudun haɗuwa da iyayensa.

Idan aka ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta, munafunci ne ya sa yake ƙyamar manya. Yana da hujjoji. Ya tuna wani shugaban makaranta da ke daɗewa yana washe baki da iyaye masu kuɗi, ya sallami marasa galihu da gaisuwar fatar baki. Yana jin haushin yayansa D.B., marubuci mai basira da ya koma Hollywood yana rubuta wa masu fim. Ko aikin lauya, sana'ar mahaifinsa, bai ga komai a cikinsa ba sai tara kuɗi da neman yabo. Amma Holden da kansa gwanin ƙarya ne. A jirgin ƙasa ya gamu da mahaifiyar wani ɗan makarantarsu, ya ba ta sunan ƙarya, ya yabi ɗanta wanda ba ya ƙauna, har ya ce za a yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa. Salinger ya jera irin waɗannan ne da gangan, domin mai karatu ya daina dogara da bayanin yaron, ya nemi ciwon a wani wuri.

Ciwon yana wurin Allie, ƙanensa, wanda sankarar jini ta kashe ranar 18 ga Yuli, 1946, yana da shekara 11. Holden yana 13 a lokacin. A daren ya farfasa tagogin garejin gidansu da hannu, ya ji rauni, har jana'iza ta wuce shi yana kwance a asibiti. Bai ga an binne ƙanensa ba, kuma duk littafin babu babba ko ɗaya da ya zaunar da shi ya tambaye shi game da wannan rashi. Safar wasan ƙwallon Allie, wadda ya cika da waƙoƙi da koren tawada, tana cikin kayan Holden a makaranta.

Da zarar an riƙe wannan, sauran abubuwan da suka yi kama da shirme sai su daidaita. Yana son gidan tarihin halittu na New York ne saboda abin da ke cikin gilashi ba ya motsawa, mai zuwa kallo ne kaɗai ke canjawa. Yana damun direbobin tasi da tambayar inda agwagin tafkin Central Park ke tafiya idan ruwa ya daskare, tambayar da a ƙarƙashinta akwai wata: abin da ya ɓace, ina yake zuwa, kuma wa ke kula da shi? Yana ta cewa zai buga wa Jane Gallagher waya, yarinyar da suke wasan dara tare, amma bai taɓa magana da ita ba, don Jane ta cikin tunaninsa ba ta girma. Da yana tafiya a titin Fifth Avenue, duk lokacin da zai tsallaka sai ya ji kamar zai nutse ya ɓace, ya riƙa roƙon Allie kada ya bar shi.

Ƙanwarsa Phoebe, mai shekara 10, ita ce ta ƙure shi. Ta ce ya faɗi abu ɗaya da yake so. Tunaninsa ya tafi kan James Castle, wani ɗalibi da ya faɗo ta taga ya mutu bayan 'yan'uwansa ɗalibai sun ci zarafinsa, sannan ya ambaci Allie. Sai ta tuna masa cewa Allie ya mutu. Daga nan ya faɗi burinsa, wanda ya samo daga wata waƙar Robert Burns da ya ji baibai: dubban yara suna wasa a gonar hatsi kusa da bakin wani rami mai zurfi, babu babba a wurin sai shi, aikinsa ya tare duk wanda zai faɗa. An saba fassara ramin da girma, kuma haka ne. Sai dai yaran da suka kuɓuce wa Holden a zahiri mutuwa suka yi. A ransa girma da mutuwa sun cakuɗe, tun da dukansu raba yaro suke yi da yadda aka san shi. Ga kuma abin da ya fi ci masa rai: kowace shekara da ya ƙara, tazara ce tsakaninsa da ƙanen da ya tsaya a 11.

Manyan da ya nufa ba su iya komai ba. Tsohon malaminsa na tarihi, Spencer, karanta masa takardar jarrabawar da ya faɗi ya yi a gabansa. Wani tsohon malaminsa kuma, Antolini, ya yi masa nasiha mai ma'ana, amma Holden ya farka cikin dare ya tarar da shi yana shafa masa kai, ya fice a firgice. Mahaifiyarsa ita ma ba ta gama farfaɗowa daga rashin ba. Wannan shiru yana da nasaba da zamanin. Salinger soja ne da ya sauka gaɓar Normandy ta Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944, aka kwantar da shi a wani asibiti a Nuremberg bayan yaƙi. Ya koma ƙasar da arzikinta ke haɓaka, mutane na sauri su manta da matattu.

Akwai sukar da ta dace da littafin. Ƙin girma gata ne. Holden yana da kuɗin otal da tasi, an kore shi a nan za a biya masa wata makarantar. Tambu ta cikin Nervous Conditions na Tsitsi Dangarembga, wanda ya fito a 1988, masara ta noma ta sayar don ta sami kuɗin makaranta. Wanda bai ci ya ƙoshi ba, ba ya samun sukunin raina abin da Holden ya raina. Duk da haka, dukiya ba ta yi wa yaron ta'aziyya ba.

Shin ya girma kuwa? Kaɗan, kuma ba ta hanyar da rukunin ya saba ba. Da ya shirya gudu zuwa yammacin ƙasar, Phoebe ta iso da akwati ta ce sai ta bi shi. Shi da ke gudun ɗawainiya sai ga ta a wuyansa, ya fasa tafiyar saboda ita. A wurin lilon dawaki, yana kallon ta tana miƙa hannu don cafko zoben zinare, ya yarda cewa dole a bar yara su miƙa hannu ko da za su faɗi. Ya ajiye aikin tarewa ke nan. Amma ba sana'a, ba aure, ba sulhu da jama'a. Da likita ya tambaye shi ko zai dage da karatu in ya koma makaranta, cewa ya yi bai sani ba.

Abin da Salinger ya ƙara wa wannan rukuni shi ne ya juya tambayar. Tsofaffin littattafan suna auna ko yaro ya cancanci shiga cikin manya. Wannan kuwa yana auna manyan ne, ko sun iya karɓar yaron da ya zo musu da rauni. Sylvia Plath ta bi irin wannan hanya a The Bell Jar a 1963, marubuta da yawa suka biyo baya. Tun daga lokacin, mai rubuta labarin tasowar matashi yana da damar ya tsaya a tsakiyar hanya, ya bar alhakin ƙarasawa a wuyan waɗanda suka riga yaron girma.