Sharhi: Faifan "Wide Open Spaces" da Kasuwar da ta Ɗaga Dixie Chicks

Duk ɗalibin da ya zauna a kudancin Amurka ya san rediyon mota ba ya rabuwa da kiɗan kantiri, wato waƙoƙin mutanen karkara. A wannan fage da maza suka mamaye ne 'yan mata uku daga Texas suka yi fice da faifansu "Wide Open Spaces" a watan Janairun 1998.

An kafa ƙungiyar a Dallas a 1989. Sun fitar da faifai uku da kansu, ba wanda ya yi kasuwa. Sai da Natalie Maines ta shigo a 1995, kamfanin Sony ya ɗauke su, sannan ƙofa ta buɗe. Faifan ya sayu fiye da kwafi miliyan 12 a Amurka, waƙoƙi uku suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri, ya kuma ci kyautar Grammy a 1999.

A ganina, ƙarfin faifan yana hannun ya da ƙanwa: Martie da gogenta, Emily da banjo, kayan kiɗan da asalinsa molon Afirka ta Yamma ne da bayi suka tafi da iliminsa. Masu shirya faifan ba su danne sautinsu ba. Waƙar da aka raɗa wa faifan sunanta, wadda Susan Gibson ta rubuta, labarin budurwa ce da ta bar gidan iyayenta neman na kanta. Duk wanda aka raka filin jirgi da hawaye zai ji ta a jikinsa.

Sai dai akwai rauni. Cikin waƙoƙi 12, ɗaya kacal, "You Were Mine", suka sa hannu wajen rubutawa. Wasu an goge su sumul don gidajen rediyo su karɓa, har ɗanɗanon kiɗansu na farko ya ragu.

Wanda ya ba ka riga yana iya tuɓe ta. A watan Maris na 2003, a Landan, Maines ta soki Shugaba Bush kan yaƙin Iraƙi, nan take ɗimbin gidajen rediyon da suka ɗaga su suka daina sa waƙoƙinsu. Sun farfaɗo da Grammy biyar a 2007, amma rediyon kantiri bai sake rungumarsu kamar da ba. Tun 2020 sunansu The Chicks.

Ku nemi faifan ku saurara, musamman inda goge ke amsa wa muryar Maines.