Karatun Hulɗar Ƙasashe: Daga Ina Ake Kallon Duniya?

'Yan'uwa, cikin yaranmu da suka kai jami'a akwai masu zaɓen karatun hulɗar ƙasashen duniya. Ilimi ne mai amfani, amma yadda aka shimfiɗa shi yana bukatar gyara a wurare biyu.

Na fari, mafarinsa. An ba shi kujerarsa ta farko a wata jami'ar Birtaniya a 1919, bayan yaƙin duniya na ɗaya, domin a gane abin da ke kawo yaƙi, a tare shi. Nufin yana da kyau. Sai dai littattafansa sukan ɗauko labari daga sulhun Wesfaliya na 1648, su bi yaƙe-yaƙen Turai, su sauka a Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945. Ɗalibi zai haddace ƙasashe 5 masu kujerar naƙi, alhali bai san yadda aka ja iyakar da ta raba shi da kawunsa ba. Ingila da Faransa ne suka ja ta a 1890, daga Sayi zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, suka yi ta gyara ta har 1906. Ba su shawarci Katsinawa ko Gobirawa ba.

Na biyu, yana lissafin ƙarfin gwamnatoci, ya bar talaka a baya. A littafi, takunkumi dabara ce ta matsa wa shugabanni. Amma da CEDEAO ta sa wa Nijar shi a 2023, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke lantarki, wa ya ji jiki? Mai neman magani da mai auna shinkafa, har aka ɗage shi a Fabrairun 2024. Haka a Afrilun 1994, ana kashe mutane a Ruwanda, har cikin majami'u, Kwamitin Sulhu ya rage sojojinsa zuwa 270. Littafi zai bayyana dalilin manyan ƙasashe dalla-dalla, amma bayyana dalili ba ya wanke laifi.

Saboda haka kada mu hana yaranmu wannan karatu, gama waɗanda ba su san yadda ake ƙulla yarjejeniya ba, a kansu ake ƙulla ta. Amma su haɗa da tarihin ƙasarsu, su je Ƙonni da Ɗan Isa su ji ta bakin direbobi da 'yan kasuwa. Kowace yarjejeniya suka karanta, su tambaya: a kan wa nauyinta zai faɗa?