Ƙerana, gwanar rani, a gaishe ki!

Jama'a, ku bar ni in yabi ƙerana! Duk wanda ya ratsa ƙasar Dawakin Kudu zuwa Kura da Bunkure da rani, alkama da tumatir da albasa ne ke ɗauke masa ido. To, ai su 'yan gata ne. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita ke turo musu ruwa har gindi. A rufe magudanar ruwan mako biyu, a ga yadda tumatir zai yi laushi. Ƙerana fa? Tana can kan tudu tana gadin gona, daga Oktoba har Mayu ba mai ba ta ko ɗigo, amma kore shar!

Sirrin yana jikin karanta. Ganye shi ne ƙofar da ruwa ke tsere wa tsiro, sai ita ta fitar da 'yan mitsi-mitsi, ta kakkaɓe su da wuri, koren karan ya karɓi aikin haɗa abinci da hasken rana. Cikinsa tsoka ce mai riƙe ruwa, bayansa fata mai santsi wadda ba ta barin danshi ya fita. Dubi kwarin da ke tsakanin kusurwoyinsa: da damina ya cika ya buɗe, da rani ya tsuke, kamar zugazugin maƙeri. Kai, tubarkalla!

Abin da ya fi tsuma ni shi ne numfashinta. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙananan kafofin jikinsu, zafi ya yi ta kwashe musu ruwa. Ita kuwa sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, take buɗe nata ta ɗebi iska ta ajiye, da rana ta kulle ta yi aiki da ita. Wannan dabarar ce kaktus na hamadar Meziko ke taƙama da ita, alhali ba dangin juna ba ne. Tamu 'yar gidan su tinya da aguwa ce.

Ga ƙaya, ga farin ƙaro mai dafi, akuya ma ta san iyakarta. Manomi, sari reshe, bar shi ya sha iska, kafa shi a bakin gonarka, ka sami shingen shekaru. Amma ka kiyaye idonka daga ƙaron nan, domin gwanar ba ta wasa!