Uwargida ake yi wa guɗa

Jama'a, na gaji. Kusan duk mujallar kimiyyar haɗa sinadarai da ka buɗe yanzu, sai ka tarar da wani yana shelar ya gano "sabuwar hanya mai arha" da jan ƙarfe a madadin faladiyam. Sabuwa? Tun 1869 Glaser ya ɗaure alkayin biyu da jan ƙarfe. Sandmeyer ya biyo baya a 1884, Ullmann a 1901, Irma Goldberg a 1906. Uwargida ce fa kuke rangaɗa wa guɗar amarya, don kawai faladiyam ya ɗauke hankalin kowa har ya kai Heck da Negishi da Suzuki ga kyautar Nobel a 2010.

Ita kuma wannan arhar da ake ta yi mana kirari da ita, don Allah ku sauka ƙasa ku karanta yadda aka yi gwajin. CuI kashi 10 ko 20 cikin ɗari, inda sau da yawa kashi 1 na faladiyam ya wadatar. Ga ligan da sai an yi odarsa daga waje. Ga zafin digiri 110 a cikin DMSO, a kwana ana dafawa. In an gama kuma ɗalibi ya duƙufa wanki da ruwan amoniya, shuɗin nan ya ƙi fita. Duk wannan ba ya shiga lissafin arhar. Kuɗin ƙarfen kaɗai ake ƙirgawa, ɗalibin kuwa dama kyauta ne, ko ba haka ba, Farfesa?

To, na yarda, an yi aiki. Ligan ɗin su Buchwald da Ma Dawei sun sauko da haɗin Ullmann daga wajen digiri 200 zuwa kusan rabin haka. Haɗin azayid da alkayin na Sharpless da Meldal a 2002 kuwa, wanda har cikin ruwa yana tafiya, ba ni da ta cewa. Amma ko shi ɗin, sai da Bertozzi ta kauce wa jan ƙarfen kafin ta shiga da shi cikin ƙwayoyin halitta masu rai, saboda gubarsa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne na 2009. Ana ta tinƙaho da wasu haɗe-haɗe da aka ce FeCl3, wato sinadarin baƙin ƙarfe, ke tafiyar da su, sai Buchwald da Bolm suka nuna ashe ɗan ɓurɓushin jan ƙarfen da ya gurɓata kwalbar ne ke aikin. Ranar da jan ƙarfe ya yi aiki da gaske, sunan baƙin ƙarfe aka sa a kanun takardar.