"Ai RAW Ne, Zan Gyara" Ta Ishe Ni

Wata magana ta kama bakin samarinmu masu kyamara, daga Kazaure har Babura: "Ai RAW na ɗauka, zan gyara a Lightroom." Ka ce hoto ya ƙone, ita ce amsa. Ka ce fuskar ango ta yi duhu, ita ce dai. Wallahi ta ishe ni.

Ku dubi hotunan Hawan Sallah da ake watsawa a Facebook. Hakimi ya sha farar shadda, mai ɗinki ya ci wuya wajen zuba mata aska takwas, amma a hoto sai fari fat, ko zare ɗaya ba ka gani. Rawani ya haɗe da sararin sama. Ƙannena, inda haske ya yi wa kyamara yawa har ya tumbatsa, babu abin da ta ajiye a wurin, don haka babu abin da kwamfuta za ta dawo da shi. Tuwon da ya ƙone, miya ba ta gyara shi.

Sai kuma 'yan ɗaya ɓangaren, waɗanda tsoron ƙonewa ya sa suke danne haske mataki biyu ko uku, su koma gida su ja inuwa da ƙarfin tsiya. Waɗannan sun fi ba ni haushi, don fatarmu ce ke biyan bashin. Fuskar dattijo a ƙarƙashin rawani dama a inuwa take. Da an tilasta mata haske sai ta koma ruwan toka, tsaki-tsaki ko'ina. Mutum ya biya kuɗinsa, a miƙa masa fuskar da iyalinsa ma sai sun ƙura ido!

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. RAW mai bit 14 yana da matakai 16,384, JPEG kuwa 256 kacal ga kowane launi. Amma rabin matakan nan na RAW suna can gefen da ya fi haske, gefen duhu ragowa yake samu. Shi ya sa tun 2003 mai ɗaukar hoto Michael Reichmann ya yi ta kira da a tura haske dama a jadawalin histogiram, har dab da ƙonewa, ba tare da an tsallaka ba. Ga shi ma'aunin kyamara ba ya san shadda: komai yake gani, so yake ya mai da shi toka-toka. Fararen kaya da hazon hunturu sukan sa ya rage haske, duhun zaure ko baƙin doki su sa ya ƙara. Wanda ya sakar masa ragama tsakar rana a duwatsun Roni, shi ya jiyo.

Na yarda, RAW yana yafe kuskure kaɗan, kuma idan mahaya suka taso a sukwane babu mai lokacin lissafi. To ai shi ya sa ake shiri tun kafin tambari ya yi ƙara.

Don Allah, Sallah mai zuwa, kafin Sarki ya fito, ku nemi mai farar riga a cikin taro ku gwada a kansa. Ku kunna alamar gargaɗin ƙonewa mai ƙyaftawa, ku ƙara haske har rigar ta fara ƙyaftawa, sannan ku ja baya kaɗan. Ku daina amincewa da hasken gilashin bayan kyamara a cikin rana, histogiram za ku duba.