Akwatin Wayoyi Ba Ya Rera Waƙa

Jama'a, wannan yayi na tara modul-modul na sintesaiza ya fara isata. Mutum bai gama gyara ɗakin ɗaukar murya ba, amma ya ɗora hoton akwati cike da wayoyi ja da kore da rawaya a Instagram, wai ya koma analog. Ka ce masa, "Maigida, sa mana waƙar mu ji," sai ya ce yana jiran wata filta daga Jamus. Filta ta iso, sai kuma ya gano akwatin ya yi masa kaɗan. Waƙa dai shiru.

Tambayar da ke ba ni haushi ita ce, "Wane modul ya fi kyau in saya?" Ya fi kyau a wace waƙa? Ba wanda ke faɗa. Da ido ake zaɓe yanzu, an bar kunne a gida: wanda fuskarsa ta fi sheƙi, wanda fitilunsa suka fi walƙiya a bidiyo, shi ne gwani.

Abin fa ba sabo ba ne. Robert Moog ya fito da nasa sintesaiza mai modul tun 1964 a Amurka, kuma a 1970 kamfaninsa ya haɗe kayan cikin akwati ɗaya, Minimoog, saboda makaɗa sun gaji da jan waya. Sai Dieter Doepfer na Jamus ya fito da A-100 a tsakiyar shekarun 1990, wanda ya zama tsarin Eurorack, kowane ƙaramin kamfani ya samu damar ƙera nasa modul ya shiga rami ɗaya. Daga nan kasuwa ta buɗe, aljihu ma ya buɗe.

Ga abin da masu talla ba sa son nanatawa. Galibi modul ɗaya ba ya kiɗa. Kafin ka samu murya ɗaya tak, kana bukatar osileta mai haifar da sautin, da filta mai tace shi, da amfilifaya mai buɗe shi ta rufe, da wanda zai tsara tashinsa da saukarsa, ga akwati, ga na'urar ba shi wuta. Duk wannan ɗawainiya, sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, alhali ƙaramar fiyano ta Yamaha da ke kusurwar sutudiyo tana danna uku ko huɗu tare ba ta ce uffan ba. Kuma babu ajiya. Ka zare wayoyin, sautin ya tafi ke nan. Mawaƙi ya dawo gobe ya ce a gyara amshi, kana ta murɗe-murɗe kana gumi, shi kuwa yana duba agogo.

Sai batun zafi. Osileta ta analog tana bin yanayi: sai ta ɗumama kafin ta daidaita, ɗaki ya canja zafi kuma ta zame daga saiti. Wanda ke aiki a Kano cikin watan Afrilu, da wutar da ke zuwa ta tafi da janareta mai hawa da sauka, ya fara sayen sitabilaiza da inbata tukuna. Amma wa zai ɗauki hoton sitabilaiza?

Abin dariyar ma, da yawa daga cikin modul ɗin da ake taƙama da su dijital ne. Plaits na Mutable Instruments, da ake gani a akwatuna barkatai, ƙaramar kwamfuta ce a cikinsa. Sautinsa na da daɗi, ban musa ba, amma a daina yi mana wa'azin ɗumin analog a kansa.

To, na yarda, filtar Moog idan ta kama bes akwai wani kauri da take bayarwa wanda ke ratsa ƙirji, kuma murɗa maɓalli da hannu ya fi jan linzamin kwamfuta daɗi. Iyakar abin da zan ba ku ke nan.

Ku dubi Mamman Sani na Nijar. Da ogan ɗaya ƙirar Italiya ya yi kiɗan da rediyo da talabijin na ƙasarsa suka shafe shekaru suna sawa, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta saurara. Waƙa yake da ita a ka, shi ya sa kaya ɗaya ya ishe shi. Ba a sayen gwaninta a kasuwa.

Idan lallai sai ka saya, ka fara sauke manhajar VCV Rack, kyauta ce, ka koyi jona wayoyin a kwamfuta har ka gane abin da kowanne ke yi. Sannan ka saurari waƙoƙinka ka faɗi abin da suka rasa da baki. Idan kauri ne, sayi filta ɗaya mai kyau, ka ratsa kalangu ko gurmin da ka ɗauka ta cikinta. Idan bes ne, Moog Mother-32 ko Korg MS-20 Mini sun zo a haɗe, suna kiɗa tun kafin ka jona waya ko ɗaya. Idan kuwa ka kasa faɗin abin da waƙar ta rasa, riƙe kuɗinka, ka koma ka gama ta, mu ji.