Ɓacewa da rasuwa: nazarin fim ɗin Sole Survivor da littafin aljihun Toner

1. Gabatarwa

Wannan maƙala tana duba labarin jirgin yaƙin Amurka mai suna Lady Be Good kamar yadda ya zo a wurare biyu: ɗan littafin aljihun da mataimakin matuƙinsa ya rubuta cikin hamadar Libiya a 1943, da fim ɗin talabijin Sole Survivor na 1970, wanda Paul Stanley ya ba da umarninsa. Za mu nuna cewa fim ɗin ya fahimci matsayin mutumin da ya ɓace, amma ya ɗora laifi a kan wanda tarihi bai ɗora wa ba.

2. Abin da ya faru

Ranar 4 ga Afrilu 1943 jirgin, samfurin B-24, ya tashi daga filin Suluk kusa da Bangazi da mutum 9, domin jefa bamabamai a tashar jiragen ruwa ta Napoli a Italiya. Wannan ne fitarsu ta farko zuwa yaƙi. A kan hanyar dawowa da dare suka wuce filinsu ba su gan shi ba, suka nutsa kudu kimanin kilomita 700. Da mai ya ƙare suka diro da laima, sanye da rigunan ceto na ruwa, don suna zaton teku ce a ƙarƙashinsu. Laimar John Woravka ba ta buɗe yadda ya kamata ba, ya mutu nan take. Sauran 8 suka nufi arewa da ƙafa, da rabin gorar ruwa tsakaninsu.

Masu neman man fetur na Ingila ne suka hango tarkacen jirgin daga sama a Nuwamba 1958. A Fabrairu 1960 aka sami gawa 5 wuri ɗaya, bayan tafiyar kimanin kilomita 130. A watan Mayu aka sami Guy Shelley da Harold Ripslinger, waɗanda suka ƙara gaba neman taimako, a watan Agusta kuma Woravka. Vernon Moore ne kaɗai ba a mayar da gawarsa gida ba.

3. Harshen littafin aljihu

Laftana Robert Toner ya yi rubutu kullum har ranar 12 ga Afrilu. Mai nazarin harshe zai lura da abu uku. Na farko, jimlolin gajeru ne, da yawansu babu wakilin suna na mai magana, wasu ma babu aikatau. Na biyu, kalmomin kaɗan ne kuma suna maimaituwa: sanyin dare, zafin rana, ciwon ido, addu'a, jiran taimako, da ruwa cikin murfin gora. Na uku, rubutun yana ƙara gajarta yayin da kwanaki suke tafiya, har tsawon jimla ya zama ma'aunin ƙarfin da ya rage a jikin mai rubutu.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda rubutun yake lissafa halin kowa, wanda idonsa ya lalace da wanda ya kasa tafiya, ba tare da ya zama takardar ƙara ba. Mutum 8 suna cikin masifa ɗaya, marubucin kuwa yana ƙidayar ruwa da kwanaki.

4. Abin da fim ya gane

A cikin Sole Survivor an sauya jirgin zuwa B-25, an sauya sunayen mutane. Matattun suna zaune kusa da tarkacen shekara 17 a matsayin fatalwowi, ba su da ikon barin wurin sai an sami gawawwakinsu. Duk wanda aka sami gawarsa sai ya gushe, wanda ba a samu tasa ba ya saura shi kaɗai.

A nan Hausa tana taimaka mana fiye da Faransanci. Kalmar disparu tana ɗaukar wanda ba a san inda yake ba da wanda ya mutu, duka biyu. Hausa ta raba su. Ɓace aikatau ne na aji na 4 a tsarin Parsons, yana nuna cikar aikin: abu ya fita daga gani ƙurmus, amma bai faɗi makomarsa ba. Rasu kuwa aji na 7 ne na rasa: rashin ya tabbata, ana iya yin gaisuwa, a raba gado. Tsakanin kalmomin biyu akwai zaman jira, kuma dokoki sun san da shi. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace takan jira shekara 4 kafin ta shiga takaba. Dokar Amurka ta 1942 ta ba da damar a ɗauki sojan da ya ɓace a matsayin matacce bayan shekara ɗaya da kwana ɗaya. Takarda takan rufe maganar, amma dangi sukan ci gaba da sauraron sallama a ƙofa. Fatalwowin fim ɗin hoton wannan jira ne, kuma a nan fim ɗin ya yi daidai.

5. Inda fim ya kauce

Wasan kwaikwayo yana son mai laifi, sai marubucin ya samar da shi. A fim ɗin, jagaban jirgi, wato mai lissafin hanya, ya tsorata ya diro tun a kan teku, ya bar abokansa ba mai nuna musu hanya, ya rayu har ya zama janar. Richard Basehart ya taka wannan rawa da ƙwarewa, wannan kuwa shi ya ƙara wa maganar nauyi. Jagaban Lady Be Good na ainihi, Laftana Hays, bai gudu ba. Yana cikin mutum 5 da aka samu kwance wuri ɗaya a 1960. Ana iya muhawara a kan lissafinsa na wannan dare, amma kuskuren sabon hannu daban, cin amana daban. Sauya suna bai isa kariya ba, tun da mai kallon da ya san labarin ya san jirgin da ake nufi.

Kaucewa ta biyu ta shafi hamadar kanta. A fim ɗin ta zama dandali kawai, inda matattu suke hira da wasan ƙwallo. Ƙishirwa, wadda ita ce jigon littafin Toner, ta koma gefe. Mai karatu a Damagaram ko Agadas, wanda ya ji labarin mutum 92 da aka sami gawawwakinsu a arewacin Arlit a Oktoba 2013, mafi yawansu mata da yara, ya san cewa ƙishirwa ta isa labari ita kaɗai.

6. Kammalawa

An tuna da waɗannan mutane ta hanyoyi da dama. An yi musu tagar gilashi mai zane a majami'ar sansanin Wheelus kusa da Tarabulus, daga baya aka mayar da ita gidan tarihin sojan sama a Dayton, jihar Ohayo. A 1994 hukumomin Libiya suka kwashe tarkacen jirgin zuwa Tubruk. A ganinmu, duk wanda zai koyar da Sole Survivor ya kamata ya fara da littafin Toner, ya kuma faɗa wa ɗalibai inda aka sami gawar Hays. Fim ɗin yana da amfani wajen bayyana bambancin ɓacewa da rasuwa, muddin an raba abin da ya ƙirƙira da abin da aka tarar cikin rairayi.